Jarrabawa a kwamfuta: Darasin da kuskuren JAMB ya bar wa ɗaliban kudancin Kano

A ranar 14 ga watan Mayun 2025, shugaban Hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya tsaya gaban 'yan jarida a Abuja yana hawaye, inda ya amsa cewa an tafka kuskure a sakamakon jarrabawar shiga manyan makarantu ta wannan shekara. Kuskuren ya shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 da ke Legas da jihohin Kudu maso Gabas biyar, kuma sai da suka sake zama jarrabawar.

Bayanin hukumar ya nuna cewa ba kutse aka yi ba. Gyara aka yi wa manhajar jarrabawar, amma ma'aikatan kamfanin da ke kula da wancan yanki ba su ɗora shi a kan wasu manyan kwamfutocin da ke rarraba tambayoyi ba, kuma ba a gano hakan ba sai bayan an saki sakamako. Umarni ya fito daga sama, bai isa ko'ina ba, kuma babu wanda ya bi sawu.

Cibiyoyin Kano ba sa cikin waɗanda abin ya shafa. Sai dai Hausawa na cewa idan ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Gwamnatin Tarayya ta bayyana aniyar mayar da jarrabawar WAEC da NECO kan kwamfuta, don haka ɗalibin Bebeji ko Kiru da ke kammala sakandare ya doshi tsarin da makomarsa za ta rataya a kan na'ura.

Yadda umarni ke maƙalewa a hanya

A ɗakin da ke da kwamfuta ɗari biyu, ba a bin su ɗaya bayan ɗaya ana saita su. Akwai babbar kwamfuta da ake kira saba, wadda ke aika wa sauran ƙa'idoji: wace manhaja za a buɗe, a toshe kafar filas, a hana shiga intanet. A tsarin Windows na kamfanin Microsoft, wanda akasarin ofisoshi da makarantu ke amfani da shi, kowace kwamfuta kan nemi sababbin ƙa'idoji idan an kunna ta, sannan ta riƙa sake nema kusan duk bayan minti 90.

Abin da ke ruɗar mai kula da ɗakin shi ne, kwamfutar da umarni bai iske ba ba ta nuna wata alama. Za ta kunna lafiya, ta ci gaba da aiki da tsofaffin ƙa'idoji.

Dalilan sanannu ne. Na farko agogo: idan lokacin kwamfuta ya saɓa da na saba da fiye da minti 5, tsarin tantancewa na iya ƙin amincewa da ita. Ƙaramin batirin da ke riƙe agogo a tsofaffin kwamfutoci kan mutu, sai kwanan wata ya koma baya duk lokacin da aka ɗauke wuta. Na biyu adireshi: idan an saita kwamfuta ta nemi hanya ta wajen kamfanin intanet maimakon sabar cikin gida, ba za ta gano inda ƙa'idojin suke ba. Na uku, a sanya kwamfuta a rukunin da umarnin bai shafa ba. Na huɗu, inda saba ta wuce ɗaya, wata ta karɓi gyara wata ba ta karɓa ba, wanda ya yi kama da abin da ya auka wa JAMB.

Gano matsalar ba ya buƙatar kuɗi. Umarnin gpresult na nuna ƙa'idojin da kwamfuta ta karɓa da waɗanda ta tsallake, gpupdate kuma na tilasta mata neman sababbi nan take. Abin da ake buƙata shi ne ma'aikacin da ya san aikin, da lokacin da zai duba kowace na'ura kafin ɗalibai su shigo.

Inda gizo ke saƙar

A nan ne karkara ke da rauni. Madatsar ruwa ta Tiga tana cikin Ƙaramar Hukumar Bebeji, amma garuruwa da dama a yankin na fama da ƙarancin wutar lantarki. Kwamfutocin da ke dogaro da janareto suna yawan mutuwa ba shiri, waɗanda kuma aka rufe a ɗaki wata da watanni saboda tsadar man fetur ba sa karɓar gyara ko ɗaya. Ƙwararrun ma'aikata sun fi taruwa a birnin Kano, kuma daga Doguwa ko Tudun Wada, ta dajin Falgore da Kwanar Dangora, tafiya ce mai cin lokaci da kuɗin mota.

Ga mahaifin da ya sayar da buhun masara ya biya wa 'yarsa kuɗin rajista, kuskuren na'ura na nufin asarar shekara guda. A 2025, ƙorafin iyaye da masana a kafofin sada zumunta ne ya sa aka sake bincike. Ƙauyen da muryarsa ba ta kai nan ba, mai yiwuwa ɗalibinsa ya karɓi makin da ba nasa ba, ya ɗauka ƙaddara ce.

Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Idan za a kai kwamfutoci makarantun kudancin jihar, ya kamata kasafin ya haɗa da wutar sola, da albashin ma'aikaci mazaunin wurin, da gwajin da za a rubuta sakamakonsa kafin kowace jarrabawa. Su kuma hukumomin jarrabawa, wajibi ne su samu tabbaci daga kowace cibiya cewa gyara ya sauka kafin su saki sakamako, su kuma buɗe hanyar ƙorafi da ɗalibin ƙauye zai iya bi ba tare da ya je Abuja ba.