Zazzaɓi Ba Sunan Cuta Ba Ne

Ya kai mai karatu, ka tuna ranar da jikinka ya yi zafi a baya-bayan nan. Wa ya gaya maka maleriya ce? In mai kemis ɗin bakin layi ne, ko kuwa kai ka yanke wa kanka hukunci, to da kai nake.

Mun daɗe muna cakuɗa abu biyu da ilimin likitanci ya raba, wato alama da cuta. Alama ita ce abin da jiki ke nunawa: zafi, ciwon kai, amai, kasala. Cuta kuwa ita ce ɓarnar da ke ciki, kuma tana da sanadinta. Maleriya ƙwayar Plasmodium ce da macen sauro ke sa wa mutum a jini. Taifot bakteriya ce mai shiga ta gurɓataccen ruwa ko abinci. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yau, bairos ne da ɓera ke yaɗawa. Haka ma sanƙarau, da zafin jiki yake sallama. Duk zazzaɓi ne a ido, amma maganin maleriya ba ya taɓa taifot, balle Lassa.

Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi gwaji kafin a ba da maganin maleriya, gwajin yatsa kuma bai wuce minti 20 ba. Mu kuwa mun mayar da "maleriya da taifot" tamkar Hassan da Hussaini, ba a ambaton ɗaya a bar ɗaya. Hujjar da ake kafawa ita ce gwajin Widal, wanda aka ƙirƙiro a Faransa tun 1896, alhali yinsa sau ɗaya ba ya tabbatar da taifot. Maleriya kanta tana iya sa shi ya nuna ƙarya. Sai a loda wa mutum maganin kashe bakteriya da bai buƙata, ƙwayoyin cuta su yi ta koyon bijire masa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne shawara. Ido ya yi ruwan ɗorawa, sai a ce shawara ce, a jiƙa saiwa. Ai wannan ma alama ce. Tana iya zama ciwon hanta, ko sikila, ko toshewar hanyar matsarmama, kuma a jariri sabon haihuwa tana iya lalata ƙwaƙwalwa in ta yi tsanani aka yi jinkiri.

Basir kuwa ya zama buhun da muke zuba komai. Wani zai shekara yana ganin jini a bayan gida, yana rama, yana sayen jiƙo a tasha. In kai ne, ko mahaifinka, ka je asibiti a duba hanjin, domin kansar hanji ma da irin wannan jinin take bayyana.