Dodo Bai Taɓa Hana Yaro Karatu Ba

Wani marubuci ya nemi a raba yaran firamare da littattafan dodanni masu fukafukai da feshin wuta, wai ƙarya ce zalla, kuma al'adar Turawa ce. Damuwarsa da tarbiyya abar yabo ce, amma hukuncinsa kuskure ne.

Al'adar Turawa? To wa ya ajiye maciji a rijiyar Kusugu ta Daura har Bayajidda ya zo ya sare masa kai? Dodon da kakanni ke tsorata jikoki da shi a tatsuniya bayan sallar isha'i a Danchuwa, daga Landan aka kawo shi? Gandoki na Bello Kagara, wanda ya fito a 1934, har cikin aljanu ya kai mai karatu, kuma makarantun Arewa sun daɗe suna karantar da shi.

Batun ƙarya kuwa, wane yaro ne ya taɓa zaton zai ci karo da Gizo da Ƙoƙi a hanyar gona?

Dubi ɗan aji biyu, wanda wataƙila yaren Karekare ko Ngizim ake yi a gidansu, yana haɗa baƙi da wasali da ƙyar. Me zai sa ya juya shafi? Yana so ya ji ko dodo ya haɗiye yarinyar da ke cikin labarin. Ga babi gajere a littafin, manyan haruffa, kalmomi masu dawowa akai-akai har ido ya saba da su. Haka karatu ke zama a kai.

Malam, zaga kasuwar Potiskum ka nemi irin waɗannan littattafai da Hausa. Guda nawa ka samu da har kake neman a hana?