Glock ko SIG Sauer: Tambayar da Masu Gwada Bindigogi Ke Tsallakewa

A ranar 19 ga Janairun 2017, rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta sanar da cewa kamfanin SIG Sauer ne ya lashe kwangilar samar mata da sabuwar ƙaramar bindiga, wadda za ta maye gurbin Beretta M9 da dakarunta ke ɗaurawa a ƙugu tun 1985. Darajar kwangilar za ta iya kai dala miliyan 580. Babban abokin karawarsa, Glock na ƙasar Ostiriya, ya kai ƙorafi ofishin da ke bin diddigin kuɗin gwamnati, aka yi watsi da ƙorafin a watan Yunin shekarar. Tun daga lokacin ake ta muhawara kan wadda ta fi tsakanin bindigogin biyu. A ganina, akasarin masu muhawarar suna auna yadda bindiga ke harbi, alhali abin da ya fi cancantar a fara aunawa shi ne yadda take kasancewa a lokacin da ba a so ta yi harbi.

Sai an san yadda irin waɗannan bindigogi ke aiki kafin a gane dalilina. Tsohuwar fistol irin Beretta tana da 'yar guduma a bayanta. Idan aka ja kunama, gudumar ta daki allura, allurar ta daki gindin harsashi, albarushi ya kama. Sabon salon ya jefar da gudumar: allurar kanta ce ke ɗaure da sifirin a cikin bindigar, kunama na sakinta ta yi bugun. Salon ya daɗe, amma Gaston Glock ne ya mamaye kasuwa da shi, bayan sojan Ostiriya sun karɓi Glock 17 a farkon shekarun 1980. Kayan cikinta kaɗan ne, jikinta na roba ne mai ƙarfi, ga rashin nauyi, kuma nauyin jan kunamarta ɗaya ne daga harbin farko zuwa na ƙarshe, abin da ke sauƙaƙa horar da sabon kurtu.

Yau kusan kowane babban kamfani yana da tasa. Smith & Wesson na da M&P, Heckler & Koch na da VP9, CZ na da P-10, Walther na da PDP, SIG Sauer kuma ya fito da P320 a 2014. Mafi yawansu harsashi mai milimita 9 suke ci, suna ɗaukar 15 zuwa 17 a lodi guda, kuma a hannun gwani duk suna samun abin da aka saita. Da yake sun yi kama har haka, masu sharhi sai suka koma kan laushin kunama, da daɗin riƙo, da farashi. Kamfanonin ma suka bi, domin kunama mai laushi ita ke sayar da bindiga a kanti.

A nan ne bambanci na gaskiya yake. A bindigar Glock, allurar rabin ɗaurewa kawai take yi, sai yatsan maharbi ya ƙarasa janta kafin ta saki. Akwai kuma ɗan harshe a tsakiyar kunamar, wanda ke hana ta motsi in ba yatsa ne ya danne shi ba. A P320 kuwa allurar a ɗaure take kusan gaba ɗaya, shi ya sa kunamarta ta fi daɗin ja, kuma samfurin da aka fi sayarwa ba shi da wannan harshe. Abin da ya fi birge masu gwaji ke nan, sai dai P320 ta fi babban gata: ana iya cire zuciyarta ta ƙarfe a saka a wani jiki, babba ko ƙarami, daidai hannun mai riƙewa. Ga shi kuma tayin SIG Sauer ya gaza na Glock da sama da dala miliyan 100.

Ba a yi nisa ba, a watan Agustan 2017, aka nuna cewa P320 na iya tashi da kanta idan ta faɗi ta wata kusurwa, bayanta ya daki ƙasa, domin ƙarfin faɗuwar na tura kunamar baya. Kamfanin ya buɗe shirin gyara na ganin dama, ya rage nauyin kunamar da wasu sassan ciki. Samfurin soja, M17 da M18, ya samu gyaran, kuma yana da makullin da ake turawa da babban yatsa. Duk da haka maganar ba ta mutu ba. A 2023 jaridar Washington Post da kafar The Trace suka ruwaito cewa fiye da mutum 100 sun yi iƙirarin bindigar ta tashi ba tare da sun ja kunama ba, da yawansu 'yan sanda ne. A 2024 wata kotu a Filadelfiya ta yanke wa wani da ya ji rauni diyyar dala miliyan 11. SIG Sauer dai ya tsaya a kan cewa bindigarsa ba ta tashi sai an ja kunama, kuma ya yi nasara a wasu ƙararrakin.

Adalci ne a faɗi cewa Glock ma tana da nata aibin. Ba a kwance ta don wankewa sai an ja kunama, kuma mutane sun ji rauni ta wannan hanya saboda sun manta da harsashi a ciki. P320 ba ta buƙatar hakan. Rundunar 'yan sandan birnin New York ta shafe shekaru tana tilasta a ƙara wa kunamar Glock nauyi, ya ninka na asali, don rage harbin kuskure, ko da yake hakan ya sa saiti ya yi wa jami'ai wuya. Kowane zaɓi da abin da ake biya a kansa.

Wani zai ce bindiga don harbi aka yi ta, saboda haka wadda ta fi saiti ita ce ta fi. Ban ƙi ba, amma a duba rayuwar ɗan sanda. Yana iya gama aikinsa har ya yi ritaya bai harbi kowa ba, alhali kullum bindigar na ƙugunsa: yana shiga mota da ita, yana gudu da ita, yana kokawa da mai laifi, yana komawa gida cikin 'ya'yansa. Daƙiƙun harbi ƙalilan ne, shekarun ɗauka kuwa masu yawa. Gwajin da ya tsaya a filin harbi ya auna ƙaramin ɓangare na rayuwar bindigar ne kawai.

Don haka, duk wanda ke kwatanta waɗannan bindigogi, musamman wanda ke zaune a kwamitin saya wa jami'an tsaro kayan aiki, ya fara da tambayoyi uku. Shingaye nawa ne tsakanin allura da harsashi idan babu yatsa a kan kunama? Ta kusurwa nawa aka jefar da ita a gwaji, kuma wane ne ya yi gwajin, mai sayarwa ko mai saye? Idan aibi ya bayyana, kamfanin zai janye kayansa ne ko zai bar wa mai saye zaɓi? Bayan an amsa waɗannan sai a zo kan farashi. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma rarar da aka samu a takardar kwangila ba ta biyan ƙafar jami'in da bindigarsa ta tashi a cikin kube.