A Yi Hattara Da Masu Gwanjon Agogo Ta Waya

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ɗan tsakura mini fili domin in ja hankalin 'yan'uwana manoma da ƙananan 'yan kasuwa game da wata sabuwar hanyar cuta da ta shigo mana har ƙauye, wato gwanjon agogo da ake yi ta wayar salula. Ba labari na ji ba, a kaina abin ya faru, kuma na daɗe ina jin nauyin faɗa, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ni manomi ne, idan damina ta wuce kuma sai in ɗauki teburina in riƙa cin kasuwannin mako. Ina sayar da batir da tocila da kwaɗo da madubi da agogon hannu. Fiye da shekara 15 ke nan a Sabon Gari ta Kano nake saro kaya, in ɗauka in jujjuya, in taya, a ce albarka, in ƙara, a sallama mini. To a kakar 2024, bayan na sayar da masara, sai wani yaro a unguwarmu ya nuna mini wani guruf a waya inda ake gwanjon agogo duk daren Asabar. Mai kayan zai sa hoto ya faɗi kuɗin farawa, jama'a su yi ta ƙari, wanda ya fi kowa kafin ƙarfe 10 shi ya ci. Rannan aka sa kwali guda, wai Casio 20 da Seiko 5 guda huɗu, wai kayan wani mai shago ne da zai tashi. Aka fara daga Naira 40,000.

Malam Edita, ni da na ce zan tsaya a 60,000, ban san lokacin da na kai 95,000 ba. Duk sanda na taya, sai wasu mutum biyu su ƙara 2,000 ko 3,000 a kai, sai in ji kamar za a ƙwace mini abin da ya riga ya zama nawa. Da na kai 95,000 sai duk suka yi tsit. Aka yi mini barka, aka ba ni lambar asusu, aka ce in tura cikin minti 30 ko a ba na biyu. Da daren nan na je wurin mai POS na tura. Har na lura sunan da ya fito a kan asusun ba shi ne sunan mai kayan ba, na tambaya, ya ce na ƙaninsa ne. Kwaɗayi mabuɗin wahala, na yarda.

Bayan kwana tara kwali ya iso ta hannun direba. Agogo 24 cif, ba a rage ko ɗaya ba. Na kai wa wani dattijo mai gyaran agogo da muke cin kasuwa tare, ya ɗauki Seiko ɗaya ya girgiza a kusa da kunnensa, ya dube ni bai ce komai ba, ya sa wuƙarsa ya buɗe bayan. Ɗan ƙaramin inji ne na batir a ciki, an kewaye shi da farar roba domin kada ya yi lilo. Alhali kuwa Seiko 5 na gaskiya ba ya aiki da batir sam, motsin hannun mai shi ne ke ɗaure shi, akwai wani ƙarfe mai kamar rabin wata a ciki da ke juyawa. Na kira mai kayan, ya ce in yi haƙuri zai bincika. Washegari ya toshe lambata, aka kuma fitar da ni daga guruf ɗin.

Abin da ya sa na rubuto ba domin in yi kuka ba ne. Na zauna na yi tunani, me ya bambanta wannan da kasuwar da muka gada? Ai gwanjo ba baƙon abu ba ne gare mu, kuma maƙaryata ba yau suka fara ba. Amma je ka kara a Wudil ran Juma'a ko Maigatari ran Alhamis ka sayi sa. Ga dillali a tsakani wanda ya san mai dabbar, ya ci la'ada, idan dabbar ta zama ta sata shi za a fara riƙewa. Ga shaidu, ga sarkin kasuwa, ga dabbar kanta a gabanka kana buɗe bakinta kana duba haƙori. A gwanjon waya kuwa duk babu waɗannan. Mai kaya shi ne dillali, shi ne alƙali, shi ke riƙe da ƙofar guruf, ya shigar da wanda ya so ya kori wanda ya so. Kai kuma ka tura kuɗi a kan hoto. Wannan shi ne ainihin cinikin biri a sama, kuma a ganina duk gwanjon da babu wani na uku da zai riƙe kuɗi ko ya tsaya wa kaya, to bai kamata talaka ya sa ko sisinsa ba.

Mutum biyun nan da suka yi ta ƙara mini kuɗi kuwa, daga baya yaron da ya shigar da ni ya lura kullum su ne ke ƙari, amma bai taɓa ganin sun ci gwanjo ko sau ɗaya ba. Yaran mai kaya ne, ko ma shi da kansa ne da wasu layukan waya. Irin mutanen nan ne da ake zaunarwa a cikin mota a tasha domin ka ga kamar saura mutum biyu ta cika, kana biya ka zauna sai su riƙa sulalewa ɗai-ɗai. Da na ba limaminmu labari sai ya ce ai wannan yana da suna a littattafan fiƙihu, najashi ake ce masa, wato mutum ya ƙara wa kaya kuɗi ba da niyyar saye ba sai domin ya ruɗi wani, kuma Manzon Allah (SAW) ya hana. Ashe tsohuwar cuta ce ta sake riga.

Wani zai ce ai a ƙasashen Turawa ana wannan ciniki lafiya lau. Haka ne, amma a duba yadda suka ɗaure abin. Ɗan dattijon nan mai gyara, wanda ya yi karatu kuma yana sayo tsofaffin agogo daga waje, shi ya yi mini bayanin eBay, babbar kasuwar gwanjo ta intanet da aka kafa a Amurka a 1995. A can kuɗi ta hannun kamfanin yake bi, ba kai-tsaye zuwa asusun mai kaya ba. Idan kaya bai zo ba, ko ya zo ba kamar yadda aka siffanta shi ba, mai saye yana da kwana 30 ya kai ƙara a mayar masa da kuɗinsa. Kowane mai sayarwa akwai tarihinsa a rubuce, abin da waɗanda suka saya a wurinsa suka faɗa a kansa. Ƙarin kuɗi na ƙarya haramun ne a dokarsu, ana rufe asusun mutum a kansa. A 2020 ma suka fito da tsarin da agogon da ya kai Dala 2,000 sai ya fara biyawa ta wurin masana sun duba shi kafin ya isa ga mai saye a Amurka. Ka ga ke nan sun ƙirƙiro dillali da sarkin kasuwa nasu.

Duk da haka, in ji shi, ko a can ba a rasa 'yan algus. Akwai tsofaffin Seiko da Citizen da ake harhaɗawa a Indiya, a ɗauko inji daga nan, gida daga can, a sake fentin fuskar da launi mai ɗaukar ido, a sayar da araha a ce na asali ne. Akwai kuma mai ce maka ku fita daga kasuwar ku yi ciniki ta bayan fage zai rage maka, kana fita kuwa kariyar nan ta kwana 30 ta faɗi. Sannan mu da ke nan, ko an ce ka mayar da kaya a biya ka, kuɗin aika ɗan agogo zuwa wata ƙasa yana iya fin kuɗin agogon kansa. To idan inda ake da doka haka ake fama, ina ga guruf ɗin da wani ya buɗe a ɗakinsa da layin waya guda?

Ban ce kowa ya jefar da waya ba, domin akwai masu gaskiya a WhatsApp da Facebook da TikTok da ke neman halalinsu. Amma mai gaskiya ba ya tsoron a gwada shi. Ka ce ya ɗauki bidiyon agogon a hannunsa, ya ambaci sunanka da ranar, ya juya bayansa ka ga lamba. Tsofaffin Seiko suna da lamba a murfin baya, kuma da wuya a samu biyu masu lamba ɗaya, nawa kuwa duk huɗun lambarsu guda ce. Ka dubi tsinken daƙiƙa. Na batir tsalle yake yi ɗaya-ɗaya, na inji kuwa tafiya yake da ƙananan taku kamar yana sulɓi. Da na san wannan kaɗai da ban yi asara ba, domin a bidiyon da aka sa mana tsinken tsalle yake yi ƙiri-ƙiri. Shi kuma ɗan baƙin Casio ɗin nan da kowa ya sani, F-91W, wanda ake yi tun 1989, idan ka danne maɓallin dama na kamar daƙiƙa uku sunan kamfanin zai fito a fuskarsa. Wasu jabun na yanzu sun koyi wannan ma, saboda haka ba hujja ce ta ƙarshe ba, amma wanda bai nuna ba ka san inda ya dosa. Cikin 20 ɗina ko ɗaya bai nuna ba.

Mafi girma dai shi ne maganar biya. Ka ce sai kaya ya zo ka gani, ko ka tura wani naka da ke garin mai kayan ya je shagonsa ya duba ya biya hannu da hannu. Idan ya ce ba shi da shago, ba ya kuma yarda a haɗu, sai dai ka tura cikin minti 30, to ka bar masa kayansa. Wannan gaggawar ita ce makaminsu, domin sun san idan ka kwana ka yi shawara da wani ba za ka biya ba. Idan sunan asusu ya saɓa da sunan mai kaya, ka tsaya nan. Kuma kafin a fara ka yanke wa kanka iyaka ka faɗa wa wani na kusa da kai, domin ni shaida ne, idan ƙari ya yi zafi mutum ba agogo yake saye ba kuma, girman kansa yake karewa.

Akwai wasu kuma da ke fakewa da sunan hukumar kwastan, su sa hoton mutum da kaki su ce kayan da aka kama ne ake gwanjonsu da araha. Hukumar tana da nata shafin gwanjo na intanet wanda ta fara a 2017, kuma ta sha yin gargaɗi cewa ba ta sayar da kaya ta Facebook ko ta asusun wani mutum. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Wanda kuma abin ya riga ya same shi, kada ya yi irin tawa. Na yi mako uku ina ɓoyewa saboda kunya, ko mai ɗakina ban faɗa wa ba, har sai da ta tambayi kuɗin masara. Lokacin da na kai maganar banki an daɗe da kwashe kuɗin. A ranar da ka gane an cuce ka, a ranar za ka je banki da rasit ɗin POS da lambar asusun da ka tura wa, ka kuma kai rahoto ga 'yan sanda. Ka ɗauki hoton duk hirarku tun kafin a fitar da kai, domin ni ban ɗauka ba. Tun 2014 aka fara BVN, kowane asusu akwai mutum a bayansa, kuma tun 2015 akwai dokar laifukan intanet a ƙasar nan, ga EFCC ga hukumar kare haƙƙin masu saye. Ban ce lallai kuɗinka zai dawo ba, nawa bai dawo ba. Amma shirun da muke yi shi ke ba su damar su sake buɗe wani guruf da sabon suna. A kasuwarmu kaɗai, da na fara faɗa, mutum uku suka ce su ma an yi musu, ɗaya a kan waya, biyu a kan agogo, kowa ya haɗiye abinsa.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sarakunan kasuwanninmu su riƙa karɓar irin wannan ƙorafi suna ajiye lambobin waya da na asusun da aka yi cuta da su, domin wanda zai tura kuɗi ya fara zuwa ya tambaya. Ina kuma roƙon malamanmu su riƙa taɓo maganar najashi a wa'azi, domin da yawa daga yaran da ake ba Naira 1,000 su yi ƙarin ƙarya gani suke wasa ne. Gidajen rediyo ma su taimaka, tunda mu mutanen karkara da rediyo muka fi saba.

Agogunan kuwa suna nan a teburina. Wani abokin sana'a ya ce in yi shiru in sayar da su a kuɗin na asali in mayar da asarata, na ce a'a. Duk wanda ya ɗauka ina faɗa masa jabu ne, in sallama masa a kuɗin jabu. Zuwa yanzu na sayar da 17, saura bakwai, biyu daga ciki ma sun riga sun tsaya.



Naku,
Wani manomi ɗan tireda,
daga yankin Gaya, Jihar Kano.