Wasiƙa Daga Ingila: Sai Mun Tambayi Addinin Gawa Kafin Mu Yi Kuka?

Wasiƙata ta wannan karon a kan Darfur ce, da kuma abin da ya wajaba a kan Kirista idan ya ji ana kisan ƙare dangi a wata ƙasa, musamman in waɗanda ake kashewar ba 'yan addininsa ba ne.

Bari in fara da tuna mana abin da ya faru, don kada wani ya ce bai sani ba. A shekarar 2003 yaƙi ya ɓarke a Darfur, yammacin Sudan, gwamnatin Umar al-Bashir ta saki mayaƙan Janjawid a kan ƙauyukan Fur da Masalit da Zagawa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 suka mutu, wasu da bindiga, wasu da yunwa da cuta. A watan Satumba na 2004 sakataren harkokin wajen Amurka, Colin Powell, ya kira abin kisan ƙare dangi, a 2010 kuma kotun duniya ta ICC ta tuhumi Bashir da wannan laifi. Daga cikin Janjawid ɗin nan ne aka kafa rundunar RSF a 2013, wadda ta gwabza da sojojin ƙasar tun daga 15 ga Afrilu 2023. A wannan shekarar aka auka wa Masalit a garin El-Geneina, inda masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya suka ce an kashe tsakanin mutum 10,000 zuwa 15,000, har da gwamna Khamis Abakar. A Agustan 2024 aka tabbatar da bala'in yunwa a sansanin Zamzam, a Janairun 2025 Amurka ta ce RSF ta aikata kisan ƙare dangi, a Oktoban 2025 kuma El-Fasher ta faɗa hannunsu bayan ƙawanya ta kimanin wata 18. Su ma sojojin gwamnati hannunsu ba a wanke yake ba, don an sha zargin su da yin ruwan bama-bamai a kasuwanni da unguwannin talakawa.

To, jama'a, Fur da Masalit da Zagawa Musulmi ne, masu kashe su ma Musulmi ne. A ganina wannan na cikin dalilan da suka sa majami'u da yawa, na gida da na nan Turai, suka yi gum da bakinsu. Kwatanta da lokacin yaƙin kudancin Sudan, wanda ake ba da labarinsa a matsayin zaluncin da ake wa Kirista. Ikilisiyoyin Amurka sun tashi tsaye, sun matsa wa gwamnatinsu lamba, har Shugaba George Bush ya naɗa John Danforth, wanda shi kansa limamin coci ne, wakili na musamman a 2001. Wannan matsin lamba na cikin abubuwan da suka kai ga yarjejeniyar zaman lafiya ta Janairun 2005. Ke nan idan ikilisiya ta buɗe baki masu mulki suna ji. Abin tambaya shi ne, a kan wa muke yarda mu buɗe bakin?

Duk mai ganin cewa kisan ƙare dangi matsalar wasu ce, ya waiwayi Ruwanda. A 1994, cikin kwana kusan 100, an kashe mutum wajen 800,000, yawancinsu Tutsi, a ƙasar da mafi yawan mutanenta Kirista ne. Jama'a sun gudu cikin majami'u don neman mafaka, aka bi su can. A cocin Ntarama kaɗai an kashe kimanin 5,000. A Nyange an rushe coci da buldoza a kan mutanen da suka fake a ciki, kotun duniya ta samu limamin cocin, Athanase Seromba, da laifi, daga baya aka yanke masa ɗaurin rai da rai. A 2017 Paparoma Francis ya roƙi gafarar Allah saboda gazawar ikilisiya da 'ya'yanta a wancan lokaci. Amma a Ruwandan ne kuma aka samu Felicitas Niyitegeka, 'yar Hutu mai hidima a cocin Katolika a Gisenyi, wadda ta ɓoye Tutsi, ta ƙi gudu ta bar su, aka kashe ta tare da su. Littafi Mai Tsarki ɗaya ita da Seromba suka karanta. Abin da ya raba su shi ne ita ba ta yarda ƙabila ta zaɓa mata maƙwabci ba.

Mun saba jin misalin Basamariye a Luka sura 10 tun muna makarantar Lahadi, amma akwai abu biyu da muke tsallakewa. Na farko, 'yan fashi sun tuɓe mutumin, sun bar shi rai a hannun Allah. Ba tufa a jikinsa da za ta nuna ko ɗan ina ne, ba bakin maganar da za a gane harshensa. Basamariyen bai tsaya bincike ba, jini ya gani ya sauko. Na biyu, bai ɗaure rauni ya kama gabansa ba. Ya kai shi masauki, ya biya dinari biyu, ya yi alkawarin dawowa ya cike abin da aka ƙara kashewa. A nan duniya ta gaza a Darfur. A 2006 an yi ta gangami a biranen Turai da Amurka, da 'yan jarida suka kwashe kayansu aka manta, alhali mutanen suna nan zube a sansanoni shekara ashirin har wutar ta dawo ta same su.

Na san wani zai ce, malam, mu ma fa ana kashe namu a Filato da Binuwai da kudancin Kaduna, wa ya zo mana jaje? Wannan ciwo gaskiya ne, ba ni da bakin raina shi. Sai dai wanda ya binne nasa ai shi ya fi kowa sanin abin da matar El-Geneina ta ji ranar da ta taka a ƙasa zuwa Adre, a bakin iyakar Chadi, ba tare da mijinta ba. Kuma in muka yarda kowa ya yi kukan nasa kawai, to mun sa hannu a kan dokar da za a yi amfani da ita a share mu ranar da namu kukan ya taso. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Darfur ɗin ma ba bayan duniya ba ce. Ta nan Hausawa suka riƙa bi a ƙasa zuwa Makka, wasu suka yada zango suka zauna, zuriyarsu na Sudan har gobe.

To me za a yi? Na ɗaya, addu'a, amma mai suna. A ambaci El-Fasher da Zamzam da Adre a gaban jama'a ranar Lahadi, don abin da ikilisiya take ambata shi 'ya'yanta suke riƙewa a zuci. Na biyu, aljihu. Gabashin Chadi ya karɓi dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijira, ƙungiyoyi irin su Caritas da likitocin MSF suna aiki a yankin, a cikin Sudan kuma matasan unguwanni sun kafa ɗakunan agajin gaggawa suna ɗora tukunya don ciyar da jama'a. Ikilisiya ta ware baiko na musamman, kowane wata ko da kaɗan ne, a bi ta hannun waɗanda aka san aikinsu, a kuma karanta wa jama'a lissafi. Na uku, mu da ke zaune a waje muna da abin da na gida ba su da shi, wato ɗan majalisar da ke tsoron ƙuri'armu. A rubuta masa, a tambaye shi abin da gwamnatinsa ke yi game da masu shigar da makamai. An daɗe ana zargin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da taimaka wa RSF, ita kuma tana musantawa, kuma ƙawar Ingila ce da Amurka. Na huɗu, akwai 'yan Sudan a biranen nan da muke zaune. A gaishe su, a tambayi lafiyar na gida, a taya su cike takardu, ba tare da an gindaya musu sharaɗin zuwa coci ba. Taimakon da aka ɗaura wa igiya ciniki ne.

Na ƙarshe shi ne harshe. Kafin a ɗaga adda a Ruwanda, gidan rediyon RTLM ya daɗe yana kiran Tutsi kyankyasai, a Darfur ma maharan kan kira waɗanda suke kashewa bayi. Duk faston da ya ji ana kiran wata ƙabila ko wani addini da sunan dabba, a zauren zumunta ko a waya, ya yi shiru, to ya bar ƙofa a buɗe. Wannan aiki ba ya bukatar kuɗin jirgi, daga kan teburin cin abincinmu yake farawa.

Allah Ya ta'azantar da mutanen Sudan, Ya kashe wutar nan, mu kuma Ya ba mu zuciyar da ba ta tambayar addinin gawa. Sai wasiƙa ta gaba, in Ubangiji Ya bar mu da rai. Ku huta lafiya.