A rubuta sunan wanda ya ci amanar ɗalibai

Duk wanda ya jima yana koyarwa a Gana ya san yadda maganar ke ƙarewa. Malami ya lalata ɗaliba, dattawa su zauna, a ce a rufa asiri, a sallame shi shiru. Kafin shekara ta zagayo yana gaban wani aji a wani gari, ba wanda ya san abin da ya baro.

Ingila sai da ta yi asarar rai kafin ta farga. A 2002 a garin Soham, wani mai kula da ginin makaranta ya kashe 'yan mata biyu 'yan shekara 10. Ashe an sha kai ƙararsa a garin da ya fito, bayanin bai biyo shi ba. Yau hukumar DBS, wadda aka kafa a 2012, tana riƙe da sunayen waɗanda aka hana aiki da yara, kuma laifi ne ka ɗauki mutum kana sane yana ciki. Najeriya ma ta buɗe rajistar masu laifin fyaɗe ta ƙasa a 2019.

Mu nan muna da tushe. Dokar 2020 ta ba hukumar malamai ta NTC ikon rajistar malamai da karɓe lasisi. Amma lasisi bai shafi mai gadi ba, ko direban bas, ko malamin makarantar allo da ta dare, inda 'ya'yanmu na Nima da Aboabo suke komawa bayan an tashi boko.

Ni malami ne, na san tsoron abokan aikina: sharri. Gaskiya ne, ƙazafi na iya kashe mutum da ransa. Shi ya sa kada suna ya shiga sai an yi bincike an tabbatar, a kuma bar ƙofar ɗaukaka ƙara. Masu ɗaukar ma'aikata ne za su duba, ba a watsa a WhatsApp ba.

Kafin gwamnati ta motsa, limamai da sarakunan Zango da masu makarantu su fara: kada a ɗauki kowa sai an tuntuɓi inda ya baro, a rubuce. Rufin asiri abu ne mai kyau, amma wallahi ba a yin sa da 'ya'yan mutane. Yaran nan amana ce, kuma za a tambaye mu.