Wa Ya Ce Kallo Ya Koma Waya?

Da zarar an ɗauko zancen bikin nuna finafinai a Kano, kafin ka rufe baki wani zai tare ka da cewa, "Haba Malam, ai kallo ya koma waya." Furodusa zai faɗa, ɗalibin jami'a zai faɗa, har wanda bai taɓa sanin ana yin irin wannan biki ba shi ma zai gyaɗa kai. Maganar ta zauna daram kamar hukuncin alƙali: tara mutane a zaure ɗaya su kalli fim ɗin da babu fitaccen jarumi a ciki ɓata lokaci ne, harkar 'yan boko ce masu neman tallafin Turawa. Ni kuwa na ce wannan magana ta ragwaye ce, kuma masu yaɗa ta sun fi kowa sanin ba haka abin yake ba.

A zo Wudil ranar Asabar da yamma, a leƙa kowane gidan kallon ƙwallo. Rumfar kwano ce, bencina a jere, janareta na ta ruri a baya, zafi kamar a gasa gurasa, amma ba masaka tsinke. Kusan kowa a ciki da waya a aljihu, wasu ma suna duba sakamakon wani wasan a kanta, duk da haka sun biya kuɗin ƙofa sun zauna. Me ya kawo su? Ihun da za a yi tare, da gardamar da za a fita da ita har bakin mai shayi. Son haɗuwa a yi kallo yana nan da ransa. 'Yan fim ne suka saki wannan kasuwa, sannan suka dawo suna yi mata ta'aziyya.

A duba kuma abin da wayar take kawowa. YouTube yana biya ne gwargwadon yawan masu kallo da daɗewarsu a kai, shi ya sa kowa ya raja'a kan fim mai dogon zango. Ban ga laifin Izzar So ko Labarina ba, sun yi aikinsu, sun kuma ci kasuwarsu. Amma mai gajeren fim na minti ashirin kan masuntan kogin Wudil, ko kan matan da ke ginin tukwane, ina zai sa kansa? Masu tura finafinai a waya a bakin tasha ba za su ɗauka ba, don abin da ake tambayarsu shi ne fassarar Indiya da ci gaban shirin makon jiya. Wannan ma ba sabon ciwo ba ne. Tun zamanin kaset, bayan fim ɗin Turmin Danya ya buɗe hanya a 1990, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata ne suka riƙe wuyan harkar. Tambayarsu ba ta wuce biyu: wa ya fito a ciki, waƙa nawa ce? Shekara da shekaru ana ɗura wa mutane abu iri ɗaya, sannan a juyo a ce ai su abin da suke so ke nan. Yaushe aka ba su wani suka ƙi?

Amfanin biki shi ne nan ne kaɗai fim ke samun shiga ba tare da ɗan kasuwa ya sa hannu ba. Na taɓa zama a irin wannan zaure a birni, kujeru fiye da rabi babu kowa, aka nuna wani gajeren fim kan yarinya mai tallar fura. Babu waƙa, babu wanda na sani a ciki. Da aka kunna fitila sai yaron da ya shirya shi ya miƙe, hannunsa na rawa, aka ce a yi masa tambaya. Wata dattijuwa daga baya ta ce, "Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka, amma wace Bafulatana ce ke ɗora ƙwarya haka ba gammo?" Aka fashe da dariya, shi ma ya yi, ya ciro takarda ya rubuta. Wani kuma ya tsare shi kan me ya sa uban yarinyar bai ce uffan ba har fim ya ƙare, aka yi ta ja-in-ja har waje. Wannan gyara na ido da ido ba a samunsa a ƙarƙashin bidiyo, inda abin da ke akwai bai wuce zagi da "muna jiran na gaba" ba.

Ba mu rasa bukukuwan ba. Tun 2018 ake yin KILAF a Kano, bikin finafinan harsunan Afirka da Abdulkarim Muhammad na kamfanin Moving Image ya assasa. Kaduna na da nata, ita kuma Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wadda Ali Nuhu ya karɓi shugabancinta a 2024, tana yin bikin Zuma a Abuja. A Wagadugu kuwa tun 1969 ake yin FESPACO, kuma da aka fara ba da babbar kyautarsa a 1972, ɗan Nijar ne ya ɗauke ta, Umaru Ganda, da wani fim kan Alhajin da ya ƙara aure. Maƙwabtanmu ne, matsalar gidajenmu ce, amma matasanmu nawa suka taɓa jin sunansa? A bar ma Nijar. Shehu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, mutum nawa 'yan ƙasa da shekara talatin suka gan shi a babban allo? Mai Martaba, fim ɗin Hausa ne da Nijeriya ta miƙa wa gasar Oscar a 2024, amma a nan garin an fi jin labarinsa a kan ganinsa. In waya ta wadatar, ina waɗannan a cikinta?

Na san akwai wata maganar a ƙarƙashin ta wayar, wadda ba kowa ke son fitowa da ita fili ba: tara jama'a kallon fim fitina ce. Tsohon tabo ne. A 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya a Kano, mutum 331 suka rasu, kuma da yawa a lokacin suka ɗauke ta a matsayin azaba kan masu zuwa silima. Tun daga nan ɗan mutunci bai ƙara son a gan shi a ƙofar silimar Plaza ko Marhaba ba, mace kuwa ba a ma maganarta. A 2016 gwamnatin tarayya ta ce za ta gina dandalin shirya finafinai a Ƙofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, aka yi ca a kai daga mumbarori har aka janye. Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama ya ci kyauta a bikin Zuma na 2008 da fim ɗinsa Tsintsiya, kafin shekarar ta fita kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure shi a Kano bisa ƙarar Hukumar Tace Finafinai. A shekarar ce ma aka ɗaure namu, marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya sa sunan Wudil a bakin duk mai kallon barkwanci.

To, bayan duk wannan tsanani, an daina kallon? Ko kusa. Silimu sun mutu ɗaya bayan ɗaya, kallon ya bar gaban jama'a ya shige ɗaka, cikin bargo, ƙarfe biyun dare, inda babu uba, babu malami, babu hukumar tacewa. Duk mai kishin tarbiyya da gaske, ya kamata a ce shi ne kan gaba wajen neman a dawo da kallo fili. A zauren biki kowa na ganin abin da ke kan allo, wanda ya shirya shi yana tsaye a gabanka, in ya yi ba daidai ba ka faɗa masa a gaban shaidu. A ware wa mata gefensu, a yi da rana tsakanin Azahar da Magariba, a gayyato liman ya zauna a sahun gaba. Ban ga abin da ke da wuya a nan ba.

Su ma masu shirya bukukuwan ba zan wanke su ba, domin da hannunsu a rayar da wannan ƙarya. Sau da yawa sanarwar da Turanci ake yin ta, a intanet, ana gobe za a fara. Daren raba kyaututtuka ne ke cika, kowa ya ci ado ya zo a ɗauke shi hoto, alhali da rana, lokacin da ake nuna finafinan da aka taru dominsu, zauren wayam. Jaruman da kansu ba sa zama kallon aikin ƙannensu. In ɗan fim bai ga darajar zama ya kalli fim ba, da wane baki zai zargi ɗan acaɓa?

Kuma me ya sa dole sai cikin birni? Tsakanin Kano da Wudil bai wuce tafiyar kilomita arba'in da ɗoriya ba. Muna da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote mai ɗakunan karatu manya da dubban ɗalibai, ga Makarantar Horar da Jami'an 'Yan Sanda, ga kasuwar Juma'a da karar shanu da ke jawo jama'a daga jihohi da dama. Kakanninmu sun san majigi: mota ce take zuwa ƙofar fadar hakimi, a kafa farin ƙyalle, gari ya fito ƙwansa da ƙwarƙwatarsa ya kalli fim ɗin Baban Larai. Turawan mulki sun iya kai fim ƙauye don su koya mana noman auduga, a lokacin da babu kwalta. Yau abin da ake buƙata bai wuce na'urar haska hoto ɗaya, da lasifika, da ƙaramin janareta, da izinin hukuma ba, duka kuwa za su shiga bayan mota ɗaya. A ware yini guda daga cikin kwanakin bikin a kawo shi nan, a sanar a rediyo da Hausa tun da mako biyu, a sa kuɗin ƙofa daidai da na gidan ƙwallo, a taho da yaran da suka yi finafinan su tsaya su amsa tambaya. In aka yi haka kujeru suka kwana babu kowa, sai a zo mu zauna a yi maganar waya.